Me Ya Kawo Ƙoƙon Kai Cikin Zanen 'Ya'yan Itace?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar zane ce a wata makarantar 'yan mata a nan Jidda. A littafin da muke koyarwa da shi akwai zane-zanen Turawan ƙarni na 17, inda aka ajiye ƙoƙon kan mutum kusa da inabi da fitila wadda ta mutu. Ɗalibaina suna tambaya ko wa'azi ne, ko kuwa nuna gwaninta ne kawai.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya saka da alheri. Duka biyun ne, kuma gwanintar ce ke goye da wa'azin. Ki duba kwandon 'ya'yan itace da mai zane ɗan Italiya Caravaggio ya zana wajen 1599, wanda ke birnin Milan na Italiya: tsutsa ta huda tuffar, wasu ganyayen kuma sun yi yaushi. Da bai fito da tuffar har mai kallo ya ji kamar ya kai hannu ba, da ramin tsutsar bai taɓa zuciyar kowa ba.

A Holan irin wannan zanen ya fi bunƙasa, domin majami'un mabiya Calvin, wani reshe na Kiristocin Furotesta, sun daina karɓar hotuna, sai masu zane suka koma ga attajirai masu neman abin ratayawa a ɗakunansu. A zanen Harmen Steenwijck na wajen 1640, wanda ke Landan, littattafai na nufin ilimi, kayan kiɗa jin daɗi, takobin Jafan mulki da dukiya, sannan agogo da hayaƙin fitila suna tuni da ƙarewar kwana. Saƙo ne da ɗalibanki suka riga suka sani daga karatun addini.

Amma kada su ɗauka komai haka aka same shi a kan tebur. Ambrosius Bosschaert yakan tara furannin da ba sa buɗewa lokaci guda a tulu ɗaya, wato ya zana kowanne dabam, ya haɗa su daga baya.

A ganina, wasu masana sukan wuce gona da iri wajen ɗora ma'ana a kan kowane ƙwaro da kowane ɓawon lemo. Tangaran ɗin Sin da dardumar Gabas da Willem Kalf ke zanawa a Amsterdam, kaya ne masu tsada da fatauci ya kawo, musamman bayan kafa kamfanin Holan na kasuwancin Gabas a 1602, kuma attajirin da ya sayi zanen yana alfahari da su ne a gaban baƙinsa.