Hoton huhu na nukiliya ga marar lafiya mai azumi

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Mahaifina ya yi makonni kwance da karaya, sai ƙafarsa ta kumbura, numfashi ya soma yi masa wuya, ƙirjinsa na suka. Likitoci suna zaton gudan jini ne ya taso daga jijiyar ƙafa ya toshe masa hanyar jini a huhu. Da yake ƙodarsa ba lafiya, sun ce ba za su zuba masa ruwan da ake sa wa a jijiya don hoton CT (na'urar ɗaukar hoton cikin jiki) ba, sai dai hoton nukiliya: ya shaƙi wata iska, sannan a yi masa allura. Baba ya ƙi. Ya ce nukiliya guba ce, an kuma gaya masa daga jinin mutum ake haɗa allurar, ga shi yana azumi. Mene ne hukunci? Daga wani bawan Allah, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya yi maka albarka. Yin hoton ya halatta. In likita amintacce ya ce ana tsoron ransa, ina ganin ya zama wajibi, domin Allah ya ce kada mu jefa kanmu cikin halaka (Baƙara: 195), kuma wannan ciwon yana iya kashe mutum farat ɗaya.

Mu fara da fahimtar abin, don ba a yin hukunci a kan abin da ba a sani ba. Iskar da zai shaƙa tana nuna inda numfashi ke kaiwa cikin huhu, allurar kuma tana nuna inda jini ke kaiwa. In aka ga wurin da iska ke shiga amma jini bai isa ba, nan ake zargin gudan jinin ya tsaya. Sinadarin nukiliya da ke cikin allurar, teknishiyom, kaɗan ne ƙwarai, kuma ƙarfinsa yana raguwa da rabi cikin kimanin awa 6. Kalmar nukiliya ce ta firgita Baba, ban kuwa ga laifinsa ba, tunda a labarin yaƙi muka saba jin ta. Amma ƙa'idar malamai ita ce a kawar da babbar cuta ko da za a ɗauki ƙarama.

Maganar jini, abin da aka gaya masa akwai gaskiya ciki: ana haɗa sinadarin da wani furotin da ake tacewa daga jinin ɗan Adam. Sai dai an sarrafa shi har ya bar kamannin jini. Ko da mun ɗauka jinin ne tsantsa, ayar da ta haramta jini ita ce ta ɗauke laifi daga wanda lalura ta matsa wa (Baƙara: 173). Ƙarin jini ma, leda guda, malaman zamani sun halatta shi a kan wannan hujja, balle ɗan abin da bai cika sirinji ba.

Azumi ne wurin da zan ɗan tsaya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa allurar jijiya wadda ba ta abinci ba ba ta karya azumi, haka ma shaƙar iskar oksijin. Allurar ba matsala ke nan. Abin shaƙar kuwa iri-iri ne: wani iska ce zalla, wani feshi ne mai ɗigon ruwa. Mu a mazhabar Malikiyya, hayaƙin turare ko tururin tukunya in mutum ya shaƙa ya kai maƙogwaro, yana rama ranar. Don haka in feshi ne, ya rama yini guda bayan ya warke, babu kaffara.

Amma ɗana, me ya kai Baba ga azumi yana wannan hali? Shehu Halilu ya faɗa a Muhtasar cewa shan azumi wajibi ne ga marar lafiyar da ke tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Ga ƙoda, ga huhu, ga zafin Sakkwato. Ya ajiye azumin, in likita ya ce ya ajiye.

Kada ka je masa da gardama. Ka zauna kusa da shi, ka karanta masa wannan a hankali, ka tuna masa hadisin Usamatu ɗan Shariku, inda Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah da su nemi magani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magani. In likitoci sun fara ba shi maganin tsinka jini tun kafin hoton, kada ku tsayar da shi, kuma kada ku jira sai bayan Salla.

Wallahu a'alam.