An bar mu muna jira, shinkafar kuma ta caɓe

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kai iyalina wani gidan abincin ƴan Sin. Mun kusa awa guda muna jira, alhali wasu ƴan Sin da suka shigo bayanmu nan take aka cika musu tebur. Da namu ya iso, soyayyiyar shinkafar ta caɓe, naman kuma tauri kamar ƙirgi. Jika 18 na biya. Haka abincinsu yake, ko raini ne?
Mai karatu daga Sabon Gari, Damagaram

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba haka yake ba, girkin aka ɓata. Shinkafar da za a soya, wadda aka dafa ta huce ake ɗauka, an fi son wadda ta kwana, don ruwanta ya tsane. Ana zuba ta a kasko mai zurfi da suke kira wok, wuta na ci sosai, ana juyawa minti 3 zuwa 4. In an yi ta daidai za ka ga ƙwayoyin warwar, kowace na sheƙi. In aka ɗebo mai zafi daga tukunya, ko aka cika kaskon don a sallami mutum huɗu lokaci guda, zafin ya faɗi, sai ta turara maimakon ta soyu. Abin da ya sami taka ke nan.

Naman kuma yanka shi ake falle-falle, a gicciye da jijiya, a cuɗe shi da sitaci da farin ƙwai, a bar shi kamar minti 20 kafin ya shiga mai. In aka tsallake wannan, naman shanunmu na kiwo ba zai taunu ba.

Batun jira yana da fuska biyu. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 ƴan Sin ke zaune a yankinmu, kuma masu cin abinci wuri guda kullum sukan yi oda ta waya kafin su taso. Mai yiwuwa haka aka yi. Amma wannan ba hujja ba ce ta barin mai iyali zaune awa guda babu ko ruwan sha, babu bayani. Kuɗinka da nasu ɗaya ne, kuma kana da hakkin ka kira mai wurin ka faɗa masa cikin natsuwa, ka mayar da kwanon tun kafin a ci rabinsa.

In za ka koma, tambayi minti nawa kowane kwano zai ɗauka. In ku huɗu ne, kwano uku da farar shinkafa sun isa, domin abincinsu na tarayya ne, kuma ɗaya bayan ɗaya yake fitowa. Sannan, don Allah, ka yi tambaya kan naman alade da kitsensa da giyar shinkafa ta Shaoxing, wadda ake yawan zubawa a suya. Kalmar halal a harshensu ita ce qingzhen, ana furta ta kamar “cing-jan”. Faɗa wa mai girkin ita da bakinka.