Amsa ga ƙanena kan satifiket ɗin kwamfuta da neman aiki

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na ga abin da ke ci maka tuwo a ƙwarya. Kana son sanin ko su CCNA (satifiket ɗin sadarwar kwamfutoci) da Security+ (na tsaron intanet) da satifiket ɗin AWS (sashen Amazon mai ba da hayar manyan kwamfutoci) suna samar wa mutum aiki da gaske, sannan me ya sa 'yan'uwanmu da ke nan Amurka kowa ka taɓa sai ya ce maka jarrabawa yake shiri. Bari in faɗa maka yadda muke yi a tsakaninmu, da dalilinmu.

Yawancinmu da kwalin jami'a muka zo. Kwalin nan gumi aka yi aka same shi, amma mai ɗaukar aiki a nan bai taɓa jin sunan makarantar ba, ba shi kuma da wanda zai kira ya tambaya. CCNA kuwa jarrabawa ɗaya ce a duk duniya. Lambarta 200-301 tun da Cisco, kamfanin kayan sadarwa mai ba da ita, ya haɗe rassanta wuri ɗaya a 2020, a cibiyoyin kamfanin shirya jarrabawa Pearson VUE ake rubuta ta, kuma mai ɗaukar aiki yana iya shiga intanet ya tabbatar ka ci. Baƙon da ba a san asalin karatunsa ba, wannan ce shaidar da ba sai ya tsaya dogon bayani a kanta ba. Shi ya sa muka riƙe ta fiye da yadda 'yan ƙasa suka riƙe ta.

Sai dai ka san iyakacin inda take kai ka. A manyan kamfanoni takardar neman aikinka manhaja ce take fara karɓarta, daga nan ta je hannun jami'in ɗaukar ma'aikata wanda sau da yawa bai san aikin ba, sunayen da aka rubuta masa kawai yake nema. Idan tallar ta ce Network+ (shi ma na sadarwa ne) ko CCNA, ya gani a takardarka, sai ya kira ka. A nan satifiket ya gama nasa. A zama na biyu injiniya ne zai zauna da kai, ya ce: ga kwamfuta tana iya kai wa ga adireshin lamba na waje amma ta ƙi buɗe shafi da sunansa, me za ka fara dubawa? Wanda ya taɓa kwana yana fama da DNS, tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa adireshin lamba, zai amsa tun kafin a rufe baki. Wanda ya haddace littafi kawai, nan take fuskarsa za ta nuna.

Akwai wuraren da ba a ma sauraronka sai da shi. Ma'aikatar tsaron Amurka tana da ƙa'idar da aka sani da 8570, wadda 8140 ta maye gurbinta, kuma a ƙarƙashinta Security+ ya zama abin da ake nema ga ɗimbin masu taɓa kwamfutocinta, har da ma'aikatan 'yan kwangila. Irin wannan aiki galibi sai ɗan ƙasa, don haka kada ka ɗora lissafinka a kansa. Haka kamfanonin da ke sayar da kayan Cisco ko Microsoft ko AWS: matsayinsu a wurin uwar kamfani ya dogara da yawan ma'aikatansu masu satifiket, saboda haka takardarka amfaninsu ce kai tsaye. A ɓangaren rubuta manhaja kuma labarin ya sha bamban. Can abin da ka gina ka ɗora a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ake kallo, sannan a ba ka matsala ka warware a gabansu. Ban taɓa shawartar mai son wannan layi ya kashe kuɗinsa kan jarrabawa ba.

To ga al'adarmu a nan. Idan sabon zuwa ya ce yana son shiga harkar, ba ma barinsa ya fara tara takardu. Tambayar farko ita ce wane layi: gyara da taimakon ma'aikata, sadarwar kwamfutoci, tsaron intanet, ko kilawud, wato hayar manyan kwamfutocin su Amazon da Microsoft ta intanet. Idan ya zaɓa, sai a ce masa ɗaya za ka yi, ka yi shi da kyau. Wanda bai taɓa buɗe cikin kwamfuta ba A+ muke tura shi, satifiket ɗin matakin farko, jarrabawa biyu ce. Wanda ya ɗan san hanya kuwa CCNA. Littafi yana zagayawa daga hannu zuwa hannu, tsohuwar rawuta (na'urar haɗa sadarwa) da wani ya gama da ita ta koma ɗakin wani, wanda bai samu ba ya sauke Packet Tracer ko GNS3, manhajojin da ke kwaikwayon kayan sadarwa, ya yi ta haɗawa yana kwancewa. Mutanen nan da yawansu tuƙi suke yi ko aikin dare a rumbun kaya, a ƙarshen mako ake haɗuwa ta bidiyo, wanda ya riga ya samu aiki ya lalata wani abu da gangan ya ce a gano. Ina ganin wannan zama ya fi littafin amfani nesa ba kusa ba.

Abu biyu ne ba ma wasa da su. Na farko, tambayoyin sata. Akwai masu sayar da tambayoyin da aka kwaso daga ɗakin jarrabawa, ka haddace ka je ka ci. Kamfanonin suna soke satifiket idan sun gano, amma ko ba su gano ba, ha'inci ne, kuma ranar da sadarwar asibiti ko banki ta tsaya aka juyo ana kallonka, babu amsar da ka haddace da za ta tashe ta. Wannan cuta ce ta rage wa jarrabawar zaɓar amsa ɗaya daga jeri daraja, ita ce kuma ta ɗaga darajar waɗanda ake yi da hannu: RHCSA na Red Hat inda ake ba ka kwamfuta mai aiki da manhajar Linux ka gyara, CKA na ɓangaren kilawud, da OSCP da ake ba ka kusan awa 24 ka kutsa cikin kwamfutocin gwaji sannan ka rubuta rahoto.

Na biyu, miƙa suna. Da yawanmu ta hanyar wani na ciki da ya ce na san shi muka sami aikin farko. Amma ba ma miƙa sunan mutum don ya turo hoton satifiket, ko da ɗan ɗakinmu ne. Sai mun zauna da shi mun ga hannunsa a kan aiki, gani ya kori ji. Wasu suna jin haushin haka, su ce an ƙi taimakonsu. Ni ina tare da wannan tsari ɗari bisa ɗari, domin mu 'yan kaɗan ne a nan. Idan ka kai mutum ɗaya ya kunyata ka, ƙofar ta rufe ga biyar ɗin da ke bayansa, kuma amanar da aka ba ka ce ka ci.

Ka kuma lura takardun nan suna da wa'adi. Na CompTIA (masu A+ da Network+ da Security+) da Cisco da AWS shekara uku ne, na Microsoft da aka tsara bisa nau'in aikin mutum duk shekara ake sabuntawa. MCSE da mutane suka yi ta alfahari da shi, Microsoft ya daina bayar da shi a farkon 2021. Kada kuma wani ya ruɗe ka da CISSP, babban satifiket ɗin tsaron intanet, tun yanzu: sai da shekara biyar ta aiki a fannin tsaro ake ba da cikakkensa.

Maganar da na fi so ka ji da kunnen basira ita ce ta biza, don na san tana ranka ko da ba ka faɗa ba. Satifiket ba ya ba da izinin aiki. Bizar aiki ta Amurka, H-1B, digiri take nema ko gogewar da ta kai matsayinsa, kuma kamfani ne yake nema maka ita. Jamus tun ƙarshen 2023 ta buɗe Blue Card, takardar izinin zama da aiki ta ƙwararru, ga ma'aikacin kwamfuta marar digiri, amma sai da shekara uku ta aiki na gaske, da kuma kamfanin da ya ɗauke shi. Ka ga a ko'ina digiri ko shekarun aiki ake ƙirgawa. Kasuwar ma ta yi tsauri: Meta ta sallami mutum 11,000 a ƙarshen 2022, Google ya sallami 12,000 a Janairun 2023, Microsoft 10,000, gogaggu suka dawo suna neman kujerun da a da sababbi ke samu.

Saboda haka kada ka ajiye karatun digirinka saboda jarrabawar wata uku, kada kuma ka ci bashi dominta. Duk wurin da za a bar ka ka taɓa kwamfutoci da wayoyin sadarwa, ko makaranta ce ko ƙaramin ofis, ka karɓa ko albashin bai taka kara ya karya ba, ka riƙa rubuta abin da ya lalace da yadda ka gyara shi. Ka nemo tallar aiki guda goma na layin da kake so, ka duba sunan satifiket ɗin da ya fi maimaituwa a cikinsu, ka turo mini. Daga nan sai mu tsayar da wanda za ka fara, in sa ka cikin zamanmu na ƙarshen mako in Allah ya yarda. Ka gaida su Inna da kowa da kowa.