Shin adalci ne a sa wa ɗan wasa iyakar maki?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace wasannin intanet irin su World of Warcraft su taƙaita makin ƙwarewa da mutum zai tara, don mai aiki da iyali kada masu kwana kan kwamfuta su bar shi a baya.

An gwada. Wasan Final Fantasy XIV ya fito a 2010 da tsarin gajiya: ka daɗe kana wasa da sana'a ɗaya, wato nau'in jarumi ɗaya, makinka ya riƙa raguwa. Aka yi ta ƙorafi, daga baya aka cire shi.

Blizzard kuwa, kamfanin da ya ƙirƙiro World of Warcraft, wayo suka yi. Lokacin gwajin World of Warcraft sun rage makin mai dogon zama, mutane suka ƙi. Sai suka juya zancen: ka bar jaruminka a masauki ka tafi harkarka, in ka dawo kana samun ƙarin maki a kan dodannin da ka kashe. Kusan lissafi ɗaya ne, amma wannan kyauta ake ganinsa.

Ni dai ina bayan na biyun. Mai wasa awa goma ya biya kuɗin wata kamar kowa, bai kamata a tare masa hanya ba. Kuma ko an tare, sabon jarumi zai buɗe ya ci gaba.