Filin Tambaya da Amsa: Wane Kare Zan Ajiye Don Gadi Ba Tare da Gashi Ya Cika Mini Gida Ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Likita, ina zaune a wata sabuwar unguwa a bayan garin Gusau, kuma saboda yawan ɓarayin dare na yi niyyar ajiye kare don ya tsare mini gida da 'yan awakina. Wani dillali ya nuna mini 'yan kwikwiyo biyu, Alseshiyan da Kokeshiyan, ya ce da zarar sun girma ko ganinsu kawai ya isa ya kori ɓarawo. Uwargida ba ta amince ba, tana tsoron gashi ya riƙa bin tabarmi da kwanuka, ga shi ɗanmu na biyu yana fama da asma. Ni ɗan kasuwa ne, nakan fita da safe ba na dawowa sai bayan magariba. Wanne ya fi dacewa da ni? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, uwargida ta fi dillalin nan hangen nesa, domin karnukan biyu da aka nuna maka suna cikin waɗanda suka fi kowane kare zubar da gashi. Alseshiyan, wanda aka fara rajistar irinsa a Jamus a shekarar 1899, da Kokeshiyan, wanda makiyayan tsaunukan Kokasus da ke tsakanin Turai da Asiya suka daɗe suna tsare tumaki da shi daga kyarkeci, dukansu gashi ninki biyu gare su. Akwai na sama mai kauri wanda yake tare ruwa da rana, sannan a ƙarƙashinsa akwai wani mai laushi kamar auduga wanda yake riƙe ɗumi. Wannan na ƙasan shi ne yake zuba. A ƙasashen da tsawon yini yake bambanta sosai tsakanin lokutan shekara, yakan zube da yawa sau biyu a shekara, amma a nan wajenmu da bambancin ba shi da yawa, sai ka ga yana zuba kaɗan-kaɗan kusan kullum, iskar hunturu kuma ta kwashe shi ta kai har cikin madafa.

Irin wannan kare yana bukatar a taje shi da buroshi aƙalla sau uku a mako, in zubar ta tsananta kuwa sai kullum. Mutumin da yake fita da safe ya dawo bayan magariba zai yi wuya ya riƙe wannan aiki, kuma idan aka bar shi, gashin da ya mutu yakan cukurkuɗe ya manne da fata, danshi ya taru a ƙasansa, a sami gyambo. Ga kuma ƙarangiya, wadda duk mai kiwo a ƙasarmu ya san yadda take maƙale wa gashi bayan damina, ga kaska da ƙuma waɗanda suke ɓuya a cikin gashi mai duhu har su yi wa kare illa kafin a ankara.

Sai batun zafi. Kare ba ya yin gumi a jiki kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake sanyaya jikinsa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Zamfara da Sakkwato yake haura digiri 40, Kokeshiyan yana shan wahala ƙwarai, zafi ma yana iya kashe shi idan babu inuwa da ruwa isasshe. Da a Jos kake, da na sassauta magana. Wasu sukan aske shi tas da nufin taimaka masa, wannan kuwa kuskure ne, domin gashin saman shi ne yake kare fata daga rana, kuma sau da yawa idan aka aske ba ya sake fitowa daidai.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da karnukan da ake cewa ba sa zubar da gashi, irin su Fudul da Lasa. Gaskiya ne ba a cika ganin gashinsu a ƙasa ba, amma dalili shi ne gashin yana ci gaba da tsawo, wanda ya mutu kuma yana maƙalewa a jiki, don haka sai an taje su kusan kullum, an kuma rage musu gashi duk bayan mako 6 zuwa 8. Balle ma ba karnukan gadi ba ne.

Abin da zan ba ka shawara a kai shi ne kare mai gajeren gashi. Bobel na Afirka ta Kudu yana gadi sosai, kuma gogewa sau ɗaya a mako ta ishe shi, sai dai ci gare shi kuma yana bukatar horo tun yana ƙarami. Ni dai a ganina karen gida na gargajiya, irin wanda mafarautanmu suke kiwo, ya fi dacewa da halin da kake ciki, domin ya saba da zafi da ƙura, kuma da wuya baƙo ya kusanci katanga bai yi haushi ba. Ɗan uwansa Azawak, na Abzinawan Nijar da Mali, gashinsa gajere ne ƙwarai har cikinsa kusan babu gashi.

Game da yaron kuwa, ba gashin kansa yake tayar da asma ba, wasu sinadarai ne da ke cikin yawun kare da ɓawon fatarsa, kuma babu irin karen da ba shi da su. Saboda haka ka nemi shawarar likitan da yake duba shi kafin ka kawo kowane kare, ka yi wa karen ɗaki a can kusa da garken awaki, nesa da ɗakunan kwana da wurin salla. Wanka sau ɗaya a wata da sabulun karnuka ya wadatar, ban da omo, ban da baƙin mai ko maganin ƙwari na gona da wasu suke shafa wa kare don kashe kaska, domin guba ne a gare shi. Da damina kuwa ka riƙa duba cikin kunnuwansa da tsakanin yatsunsa duk bayan kwana biyu, domin nan ne kaska ta fi ɓuya.