Ga mai shirin zuwa Jamus nazarin ƙwayoyin da ke cin kwal

Ƙanena, ka tambaya ko wata shida na aikin digiri na biyu zai ishe ka ka nuna ƙananan halittu suna cin kwal. In kwal ɗin kansa kake nufi, ba zai isa ba. Tun 1981 aka nuna hakan a Bonn, amma har yau tafiyar hawainiya ake. Lignit, wato kwal mai laushi, shi ke ɗan ba da kai. Antrasit kuwa, wato kwal mai tsananin tauri, kamar ka miƙa wa tsohuwa ƙashi ne.

Fara da naftalin, kafur ɗin nan na cikin akwatin kaya. Zoben benzin biyu ne kawai. Zuba ƙwayoyin naftalin ɗin a murfin farantin renon bakteriya, ka kife, tururinsa ya ciyar da bakteriyar Pseudomonas putida a zafin digiri 30 na Salshiyas. Bakteriyar za ta cusa oksijin cikin zoben, ta mayar da shi sinadarin salisilet, sannan sinadarin katekol. Ɗiga katekol a kan tsiron bakteriyar: in ya yi rawaya, an fasa zoben ta hanyar da ake kira meta, kuma na'urar auna haske za ta ga launin a nanomita 375.

Ga inda yawancinku ke faɗuwa, har na gaji da faɗa: ɓacewa ba ci ba ce. Naftalin yana bin iska, fairin, ɗan'uwansa mai zobe huɗu, yana manne wa kwal. Dole ka ajiye kwalbar da aka kashe ƙwayoyinta a zafin digiri 121, ka auna su tare. Haka baƙin ruwan da ke tsatsowa daga lignit a ƙarƙashin naman gwari irin Trametes versicolor. Sau da yawa sinadarin alkali (kishiyar asid) ne ya narkar da shi, ba inzayim, wato sinadarin da naman gwarin ke cin abinci da shi, ba. Auna pH, wato ƙarfin asid ko alkali, kafin ka yi murna.

Ƙananan halittu masu fitar da iskar methen, irin Methermicoccus shengliensis da masana a Japan suka nuna a 2016 tana yinsa daga sinadaran kwal, oksijin ajalinsu ne. Kwalba mai toshiyar roba butil, naitirojin kashi 80 da kabon dayoksaid 20, da resazurin, rinin da ke nuna shigar oksijin. In rinin ya koma ruwan hoda, iska ta shiga, wata uku sun tafi ke nan.

Kwal ɗin Inugu ko Maiganga da kake son kawowa, kada ka cusa shi cikin kilishi. Sai malaminka ya nemo izini tukuna.