Gidajen Bath: me ya sa suke kama ɗaya kamar an tsaga kara?

Tambaya: Na ga hoton wasu tsofaffin gidaje a birnin Bath na Ingila, a jere kamar jinjirin wata, duk kamarsu ɗaya. An ce mai gidan ma ba shi da ikon sauya ko taga. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, abin da ka gani shi ne Royal Crescent, gidaje 30 manne da juna da John Wood ƙarami ya zana. An fara gininsu a 1767, a zamanin sarakuna huɗu masu suna George da suka yi mulki daga 1714 zuwa 1830.

Sai dai kamannin na fuska ne kawai. Wood gaban ya zana, da dutse mai launin zuma da ginshiƙai 114. Wanda ya karɓi fili dole ya gina fuskar yadda aka tsara, bayan gidan kuwa sai ya ɗauko nasa magini ya yi son ransa. Ka zagaya ta baya ka sha mamaki: rufin wannan ya ɗara na wancan, tagogi barkatai, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ni tagogin na fi so, don su ke tona asirin zaman gidan. Dogayen suna benen farko, inda ake karɓar baƙi. Ƙananan can ƙarƙashin rufi na masu aikin gida ne, kicin kuma yana ƙarƙashin ƙasa. Ba a buɗe tagar kamar ƙofa, sama ake tura ta, igiya da dunƙulen ƙarfe ko darma da aka ɓoye cikin katako su riƙe ta.

Batun sauya taga kuwa, ba ƙarya aka faɗa maka ba. Gidajen suna mataki na ɗaya a rajistar gine-ginen tarihi ta Ingila. Duk gyaran da zai taɓa asalin ginin, ciki ko waje, har matattakala da murhun ɗumama ɗaki, sai ƙaramar hukuma ta ba da izini, kuma yin gaban kai laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa. A 1987 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya.

Amma akwai wadda ta ja da hukuma. A shekarun 1970 matar da ke gida mai lamba 22 ta yi wa ƙofarta fenti ruwan ɗorawa, alhali na maƙwabta farare ne. Hukumar birni ta ce atafau sai ta sauya, magana ta kai gaban minista, ya ce a bar mata ƙofarta.